Manna ta Kowace Safiya: Magana ga Iyaye Masu Bi a kan Fashin Makaranta

A karanta Fitowa sura 16, da Yohanna sura 20 daga aya 19 zuwa 29.



Akwai wani laifi da ya daɗe a cikin gidajenmu har ya zama kamar ɗan gida. Ba a tsauta masa, ba a kai shi gaban dattawan ikilisiya, ban kuwa taɓa jin wanda ya ambace shi cikin addu'ar tuba ba. Wanda ya sha ya bugu, an san abin da za a faɗa masa. Wanda ya kama akuyar maƙwabcinsa ya kai kasuwa, an san sunan da za a kira shi da shi. Amma mutumin da ya tsaya a bakin zaure da sassafe, ya ga ɗansa ya rataya jakar littattafai za shi makaranta, ya ce masa, "Ajiye jakar nan, yau kaɗai, gobe ka tafi," ba mai ganin ya yi wani abu. Shi kansa ma zai zo sujada ran Lahadi da farar zuciya, ya raira waƙa da ƙarfi. A kan wannan "yau kaɗai" nake so in yi magana da ku, gama na gan shi yana cin 'ya'yanmu kamar yadda gara take cin azara: daga waje itace lafiya lau, sai ranar da soro ya rufta.

Ban rubuta wannan takarda domin waɗanda suka ƙi sa 'ya'yansu a makaranta ba. Su maganarsu dabam ce. Dominku na rubuta ta, ku da kuka kai yaro da hannunku aka rubuta sunansa a rajista, kuka ɗinka masa kayan makaranta, kuna kuwa faɗa wa baƙi da fahariya, "Ɗana yana aji huɗu." Sunansa yana aji huɗu, gaskiya ne. Shi kansa fa, kwana nawa yake zama a cikin ajin?

Ku tuna da abin da ya sami Isra'ilawa a jejin Sin, wata ɗaya bayan fitowarsu daga Masar. Guzurinsu ya ƙare, suka yi wa Musa da Haruna gunaguni, suna marmarin tukwanen nama na ƙasar bauta. Allah kuwa cikin jinƙansa ya ciyar da su. Kowace safiya, bayan raɓa ta ɗauke, sai su tarar da wani abu fari, mitsi-mitsi, shimfiɗe a bisa ƙasa, mai zaƙi kamar an gauraya shi da zuma. Suka sa masa suna manna. Amma kyautar ta zo da ka'idarta. Kowane mutum zai fita ya tara abin da zai ishi gidansa yini ɗaya, gwargwadon yawan bakunan da ke cikin alfarwarsa. Wanda ya yi barci har rana ta yi zafi, ya tarar ta narke. Waɗansu kuma masu ganin kansu da wayo suka rage ta yau domin gobe, kada su sha wahalar fita. Da gari ya waye suka buɗe ƙwaryarsu, ga tsutsa, ga ɗoyi. A rana ta shida kaɗai aka yardar musu su tara riɓi biyu, saboda hutun Assabbat. A kan wannan hali suka ci shekara arba'in.

Don me Allah bai sauko musu da abincin shekara a rana ɗaya ba, su zuba a rumbu kamar yadda muke yi da dawa? Ba ikon yin haka ya rasa ba. Littafin ya nuna mana gwada su yake yi, ko za su yi tafiya bisa ga umarninsa kowace rana. Akwai baye-bayen Allah waɗanda ake tarawa sau ɗaya a ajiye, akwai kuma waɗanda ba su ajiyuwa, sai a fita nemansu kullum. Addu'a tana cikin na biyun, gama ba mai yin addu'ar wata guda cikin dare ɗaya ya huta. Karatun ƙaramin yaro ma nan yake.

Bari in nuna muku yadda abin yake, domin da yawa daga cikinmu muna tsammani makaranta kamar rijiya ce, duk ranar da ka ga dama ka je da guga, ruwan nan ne dai za ka samu. Ba haka ba ne. Malam gini yake yi, tubalin yau yana zaune a kan na jiya. Da fari ya koya wa 'yan aji ɗaya wasula biyar, a, e, i, o, u. Bayan wannan ya haɗa musu su da baƙi, su ce ba, be, bi, bo, bu. Daga nan ya nuna musu bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ, domin kada su ga baƙi su karanta baki. In ya wuce wuri, ya wuce. Yara masu yawa suna gabansa, ba shi da ikon komawa baya saboda ɗaya.

Na taɓa zama da wani yaro ɗan aji uku, wanda ubansa ya kawo mini ƙararsa cewa kansa ba ya ja. Na rubuta masa 52 a ƙasa da tsinke, na ce ya ɗebe 17. Ya yi shiru kaɗan, ya rubuta 45. Na ce ya nuna mini yadda ya yi. Ashe ya dubi 2 da 7, ya ga bakwai ba ta fita daga cikin biyu, sai ya juya su, ya ɗebe biyu daga bakwai ya sami biyar, ya ɗebe ɗaya daga biyar ya sami huɗu. Amsar gaskiya 35 ce. Amma ku lura, wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Hankalinsa ne ma ya ƙaga masa hanya a wurin da ba a taɓa nuna masa hanya ba. Da na bincika, sai na tarar makon da malam ya koyar da aro, watau yadda ake aron goma ɗaya daga gidan gomomi, yaron yana gona ana cirar gyaɗa. Mako ɗaya tak. Amma a kan ɗebewa aka gina rabawa, a kan rabawa aka gina abin da ke biye, har lissafi duka ya zama masa duhu.

Abin da ke bin wannan kuwa ya fi shi muni. Malam ya kira shi gaban allo, ya kasa, yara suka yi dariya. Ya koma zama a bayan aji, yana sunkuyar da kai kada a gan shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: jarrabawa ta zo, ya ɗauki na kusa da ƙarshe, aka yi masa bulala a gida. Daga nan yaron da dā yake kuka in an hana shi makaranta, shi ne da bakinsa yake roƙo a tafi da shi gona, gama a gona ba mai yi masa dariya. Uban kuwa ya zo wurina ya ce, "Ka gani, Malam, shi ne ba ya so." Na ce masa, "Baba, ka gafarce ni, amma ba shi ya fara ba."

Ku zo mu yi lissafi tare, lissafin da ba ya bukatar takarda. Shekarar makaranta zango uku ce, kowane zango kamar mako goma sha uku, watau wajen mako 39, kowane mako kwana biyar. A taƙaice kwana 195. Yaron da ake tsarewa ranar kasuwa kaɗai, sau ɗaya a mako, ya rasa kwana 39 a shekara. Cikin shekara shida ta firamare ya rasa kwana 234. Wannan ya fi shekara guda ta karatu. Da wani ya zo ya ce maka, cire ɗanka daga makaranta shekara guda cur, da ka yi masa faɗa. Amma ga shi kai da kanka ka cire shi, kwana ɗaya ɗaya, ba ka sani ba. Ban kuma sa kwanakin shuka da na girbi ba, da na biki, da na zaman makoki a wani gari, da safiyar hunturu da aka ji tausayinsa aka bar shi a bakin wuta.

Yanzu ku duba cikin Bishara ta Yohanna. Da maraicen ranar da Ubangijinmu ya tashi daga matattu, almajirai suna tare a ɗaki, sun kulle ƙofa don tsoro. Yesu ya zo ya tsaya a tsakiyarsu, ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa, ya hura musu numfashinsa, ya aike su. Toma kuwa ba ya nan. Ba a faɗa mana inda ya tafi ba. Wataƙila yana da hujja mai kyau, kamar yadda kowannenmu yake da ita. Maraice ɗaya ne kurum ya yi fashi, amma shi ne maraicen. Da ya komo, 'yan'uwansa suka ba shi labari duka, ba su ɓoye masa kome ba, duk da haka labarin bai shige shi ba. Ya kwana bakwai cikin shakka da nauyin zuciya, yana zaune a tsakiyar mutane masu murna. Ku da kuke cewa, "Ai zai ari littafin abokinsa ya kwafa," ku dubi Toma. Wanda aka ba labari da wanda ya gani da idonsa ba ɗaya suke ba. Ba wanda ya san ranar da malam zai faɗi kalmar da za ta buɗe kan yaro. Ba a yin shelarta tun jiya.

Na san abin da za ku ce, gama ni ma ɗan manomi ne, a bakin kunya na yi wayo. Za ku ce, ruwan shuka ba ya jiran makaranta. Gaskiya ne. Zango na uku yana faɗawa daidai kan shuka da noman fari, zango na ɗaya kuma daidai kan girbin gero da masara da gyaɗa da dawa, kamar wanda ya tsara shi bai taɓa riƙe fartanya ba. 'Yan ƙwadago suna da tsada, hannu kuwa ya yi kaɗan a gandu. Ban raina wannan ba ko kaɗan, kuma ban ce yaro kada ya yi noma ba. Yaron da bai iya noma ba a ƙasar nan an cuce shi. Amma ana tashi makaranta da azahar, yamma duka tamu ce. Asabar tamu ce. Dogon hutu na damina namu ne. Abin da ɗan shekara takwas zai nome daga hantsi zuwa azahar, babban mutum ɗaya zai gama shi kafin ya nemi ruwan sha. Domin wannan ɗan aiki ne za mu sayar da safiyar da ba ta komowa? Isuwa ya sayar da gādonsa na ɗan fari saboda akushi ɗaya na fate, ya kuwa ci ya ƙoshi a ranar. Daga baya ne ya yi kuka. Amma Isuwa nasa ya sayar. Mu na 'ya'yanmu muke sayarwa, ba mu kuwa shawarce su ba.

Ina kuma gayyar da kakanninmu suke yi? Tun ba su san Bishara ba, in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a kira gayya, a nome gonar wannan yau, gobe ta wancan. Mu da muke kiran juna 'yan'uwa cikin Kristi, kunya ce a ce gwauruwa ta tsare 'ya'yanta uku daga makaranta domin maimai, alhali majami'a cike take da samari ran Lahadi.

Ya ku uwaye, da ku nake yanzu. Fashin 'ya'ya mata ya fi na maza yawa, ba kuwa gona ke jawo shi ba, sai tire da goyo. Ranar kasuwa a ɗora mata ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa; in an haihu a gida ita ce mai raino; in za a unguwa ita ce mai tsaron gida. Kina cewa ribar tallan ce za ta zama kayan ɗakinta. To, kwanonin da za ki jera mata za su yi tsatsa, amma in ba ta iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar magani ba, ran da ɗanta ya kwanta da zazzaɓi, wane kwano ne zai taimake ta? Ban kuwa tsaya kan abin da yarinya take ji da abin da take gamuwa da shi a tasha da bakin kasuwa ba. Kun fi ni sani. Bulus ya yabi bangaskiyar Timothawus, ya ce ta fara zama ne cikin kakarsa Lo'is da uwarsa Afniki, ya kuma tuna masa tun yana ɗan ƙarami ya san littattafai masu tsarki. A gwiwar mata ya fara saninsu. Yarinyar da kika tsare yau, ita ce makarantar farko ta jikokinki.

Kada ku ce mai maganar nan tsarkaka yake. Shekarar da matata ta haihu ta kwanta ciwo, na tsare babbar 'yarmu a gida mako biyu, tana ɗebo ruwa tana riƙon jariri. Matan Zumunta suna nan, da na buɗe baki da sun karɓi aikin bi da bi. Girman kai ya hana ni, kada a ce gidan katikis ya gaza. Ran da ta koma, ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Da dare na ji tana kuka a hankali. Na tambaye ta, ta ce, "Baba, sun wuce ni." Ni da nake tsayawa gaban jama'a ina koyar da doka ta takwas, ashe na yi sata a cikin gidana, na kuwa saci abin da ba ni da ikon mayarwa. Mun yi wata guda muna zama da ita a gaban fitila kafin ta kamo su, har yau kuwa ban tabbata mun toshe ramin duka ba.

Hannatu ta daɗe ba ta haihu ba, kishiyarta tana tsokanarta. Da Allah ya ba ta Samu'ila, shi kaɗai gare ta a lokacin, shi ne zai zama ɗan aikenta da abin ta'aziyyarta. Duk da haka da ta yaye shi, ta kai shi Shilo wurin Eli, ta bar shi can. Ba ta riƙa zuwa tana karɓo shi ba duk sa'ad da aiki ya yi mata yawa. Abin da take yi shi ne, kowace shekara ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Da yaron yana gida ranar da Ubangiji ya yi kira da dare, wa zai amsa? Mu ba a ce mu rabu da 'ya'yanmu shekara da shekaru ba. Daga safe zuwa azahar ne kurum.

Akwai fa fashin da ba laifin kowa ba ne, ba kuwa zan haɗa shi da wancan ba. Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti, ya kwanta har ya warke, a kuma aika wa malam ya sani; amma a rataya gidan sauro tun damina ba ta yi nisa ba, gama rigakafi ya fi magani. Rafi ya kawo, ba a cewa yaro ya ƙetare. Akwai kuma wanda ya zauna gida domin rigarsa ta yage, ko an kore shi saboda ɗan kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ta sa, ko ba shi da littafin rubutu da fensir. Wannan ba kunyar ubansa kaɗai ba ce, kunyar ikilisiya ce. Yaƙub ya yi mana kashedi a kan mutumin da yake sallamar matalauci da fatan alheri bai ba shi abin rufe jiki ba. In muna iya tara kuɗin sabon ganga da lasifika, muna iya ware wani abu daga cikin baiko domin riga da littafi.

Waɗansu kuma suna cewa, "Yaran suna zuwa, malamin ne ba ya zuwa, aji ɗaya ya cika har waɗansu suna zaune a taga, ga waɗanda suka gama ma suna yawo ba aiki." Ba zan ƙaryata ku ba, na ga wannan da idona. Amma makarantar da iyaye suka janye 'ya'yansu daga cikinta ba ta gyaruwa, sai ƙara lalacewa, gama malamin da ya zo ya tarar da rabin aji, gobe shi ma ba zai yi sauri ba. Ku tafi ku biyu ko uku, dattawa, ku gai da hedimasta da ladabi, ku tambaye shi. In an ga iyaye suna leƙowa, abubuwa da yawa sukan daidaita ba tare da faɗa ba.

Sai maganar tsoro, wadda ta fi duka nauyi. Ba wanda ya manta 'yan matan Chibok da aka kwashe a 2014, ko 'yan makarantar Bethel ta Baptis kusa da Kaduna a 2021, ko yaran Kuriga a 2024, waɗanda har da 'yan firamare a cikinsu. Uban da ya ji harbi da dare ya hana ɗansa fita da safe, ba ni da bakin tsauta masa. Inda hatsari yake a fili, rai ne gaba. Amma ko a nan kada karatu ya tsaya ɗungum. A tara yara a majami'a ko a zauren wani, wanda ya iya karatu ya zauna da su ko da sa'a biyu. Mun ga abin da ya faru a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris har wata shida ko fiye: yaran da suka fara haɗa baƙi suka komo kamar ba su taɓa ganin allo ba. Mannar bara ba ta ciyar da kowa bana. Kada kuma wanda garinsa yake lafiya ya ari tsoron waɗansu ya rufe ƙyuyarsa da shi.

Ku tuna da dutsen da aka sassaƙo mu daga ciki. Likita Miller na C.M.S. ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya tara 'yan yara kaɗan yana koya musu karatu. A 1929 aikin ya koma Wusasa. A 1932 Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa, bayan wahalar shekaru masu yawa ta Turawa da Hausawa tare. Daga wannan ƙaramin wuri Barau Dikko ya fito, likita na farko daga Arewa. Da Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1966. Iyayensu ba masu dukiya ba ne, su ma suna da gonaki, su ma suna bukatar hannu. Ban ambace su domin in yi muku alkawarin ɗanku zai zama likita ko shugaba ba. Yawancin 'ya'yanmu manoma za su zama, da masu sana'a, ba kuwa abin kunya a ciki. Amma manomin da ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ya wayi gari gonar gādonsa ta zama ta wani. Mai bi da ya iya karatu kuma ba ya zama abincin kowane mai wa'azin ƙarya da ya zo da sabuwar koyarwa, gama zai buɗe Littafin ya duba da kansa, kamar mutanen Biriya. Fiye da shekara tasa'in ke nan Maganar Allah tana cikin harshenmu, ga shi kuwa a ajin baftisma ina miƙa wa saurayin da ya gama aji shida Littafin, ya riƙe shi yana zufa, ya kasa fid da aya ɗaya.

Hukuma ma ta yi nata. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, a 2004 kuma aka yi doka wadda ta ɗora wa kowane uba ko mai riƙo ya ga yaronsa yana zuwa makaranta har ya gama firamare da ƙaramar sakandare, da horo ga wanda ya ƙi. An umarce mu mu yi biyayya ga masu mulki cikin abin da ke daidai. Amma abin kunya ne mai bi ya jira sai doka ta kore shi zuwa ga alherin ɗansa. Maƙwabtanmu Musulmi ma, ku dubi yadda 'ya'yansu suke sammako da allunansu, su koma da yamma, ba su hutawa sai Alhamis da Juma'a. Sun san karatu ba ya zama a kan yaro sai da naci.

Ku yara, in an karanta muku wannan takarda, ku kasa kunne. Wani lokaci ba iyayenku ke tsare ku ba. Kuna fita da jaka, ku ɓuya a gindin mangwaro, ko ku tafi rafi kamun kifi, ko gidan kallon ƙwallo, in an tashi ku bi sahun 'yan'uwanku ku komo kamar kun je. Wannan ƙarya ce, ko da ba ku buɗe baki ba, Allah kuwa yana ganin gindin mangwaro. Ubangijinmu Yesu, yana ɗan shekara goma sha biyu, a tsakiyar malamai aka same shi cikin haikali, yana kasa kunne yana tambaya. Da ya girma kuma ya shiga majami'ar Nazarat, aka miƙa masa littafin Ishaya, ya buɗe ya karanta. In shi bai raina zama a gaban malamai ba, kai wane ne? In kuwa tsoro ne ya hana ka, domin an wuce ka, ko wani babban yaro yana dukanka a hanya, kada ka ɓoye. Faɗa wa uwarka, ko ka zo ka faɗa mini.

Ku malamai masu bi, saura ku. Bayan kwana takwas Toma yana tare da 'yan'uwansa, Yesu ya sāke zuwa. Bai kore shi ba, bai kunyata shi da tambayar inda ya tafi ba. Ya maimaita masa abin da ya rasa, shi kaɗai, har ya gane ya yi sujada. Yaron da ya yi fashi ya komo, in bulala ce ta tarye shi a bakin ƙofa, kun koya masa kada ya ƙara komowa, sau da yawa kuwa laifin ba nasa ba ne. Ku kira suna kowace safiya da gaskiya, kada ku cika rajista da ƙarya domin ta yi kyau a idon mai duba makarantu. Wanda ba ku gani ba kwana biyu a jere, ku aika gidansu, ko ku taka da ƙafarku. Makiyayin kirki ba ya jira sai ƙarshen zango kafin ya ƙirga tumakinsa. Ku kanku kuma ku riga yara zuwa, gama albashin ranar da ba ku koyar ba, ba halalinku ba ne.

Ga abin da nake roƙon kowane mai gida ya yi yau da dare. Bayan an ci tuwo, kafin addu'ar iyali, ka ce wa ɗanka da 'yarka su kawo littattafansu na rubutu. A bisa kowane shafi malam yakan sa su rubuta kwanan wata. Ka bi kwanakin ɗaya ɗaya da yatsa, daga farkon zango har zuwa yau, ka ga inda suka yi tsalle. Kowane giɓi ka tambayi kanka, ina yaron yake a ranar, wa kuwa ya aike shi? Wanda bai iya karanta kwanan wata ba, kada ya ji kunya. Ya zo da littattafan ran Lahadi, bayan an tashi sujada mu zauna a inuwa mu duba tare.